Hotunan Duniyoyin Nesa: Wanne Ne Zane, Wanne Ne Gaskiya?



Ba a raba shafukan intanet da hoton wata shuɗiyar duniya mai teku da gajimare, a ce wai an gano ƙanwar duniyarmu. Ku sani, waɗannan zane ne kawai. Har yau babu madubin hangen nesa da ya ɗauki hoton duniya irin tamu tana kewaya wani tauraro. A ganina, wanda ya yaɗa zane da sunan hoto ya yaɗa ƙarya, ko da niyyarsa ita ce jawo mutane su yi tunani a kan halittar Allah. Gaskiyar lamarin ma ta fi zanen ban mamaki.

An tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 a wajen tsarin ranarmu, amma galibinsu ba a gan su ba. An gane su ne daga dusashewar hasken tauraro idan sun gifta ta gabansa, ko daga ɗan rangajin da suke sa shi yi. Galibin waɗanda aka ɗauka kai tsaye, kamar ta farko a ƙasar Cile a 2004, da na tauraron HR 8799 a Hawai a 2008, ƙatti ne masu zafi, sun fi Mushtari nauyi.

Matsalar ita ce haske. Rana ta fi duniyarmu haske kusan sau biliyan 10. Kwatanta neman ƙyallin ashana a gefen fitilar babbar mota, kai kuma kana can wani gari. Dabarar ita ce a rufe tauraron, kamar yadda mutum kan kare rana da tafin hannu. Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙirƙiro irin wannan marufi na cikin madubi tun 1930, don nazarin rana. Wasu kuma na son a harba wata babbar laima, ta tsaya dubban kilomitoci a gaban madubin.

Hukumar NASA ta Amurka na tsara madubin Habitable Worlds Observatory domin shekarun 2040, da burin duba duniyoyi kamar 25. Ko an dace, ɗigo ɗaya za a gani, ba teku ba tsibiri. Sai dai idan aka rarraba hasken ɗigon zuwa launuka, yana iya nuna tururin ruwa da iskar oksijin a sararinta.