Biri Mai Ganga Da Gidan Marayunsa

Wani malamin makaranta ya aiko da takarda daga Funtuwa, ya ce ya ji wai a ƙasar Kalaba akwai gidan da a ke tara birai, a ciyar da su, a kira musu likita in sun yi ciwo. Yana tambaya ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ashe wannan ba almubazzaranci ba ne, ga 'yan Adam suna kwana da yunwa? Edita ya miƙo mini takardar, ya ce in amsa a wannan fili namu. Tambayar mai hankali ce, saboda haka ba zan amsa ta a gurguje ba.

Gidan dai yana nan, ba tatsuniya ba ce. Amma sai mu fara sanin ko wane biri a ke zance, don mu Hausawa ba mu cika rarrabe su ba. Mun san jan biri mai ɓarna a gonar gyaɗa, mun san gwaggon birin nan da masu wasa su kan jawo da sarƙa kasuwar Tudun Wada, sanye da 'yar riga, yara na binsa da ihu. Daga nan duk wani babban biri sai mu ce gwaggo. Kun tuna a watan Yuni na 2019 da labari ya bazu wai gwaggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, har Gwamna na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma irin dabbar a gidan. To, wanda mu ke zance ba shi da hannu a wannan. Turawa suna ce masa cimfanzi, mutanen ƙasar Gashaka kuwa da Hausa su ke kiransa, su ce biri mai ganga, saboda ya kan dinga dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, a ji amon daga nesa. Baƙi ne, mai manyan kunnuwa, ba shi da wutsiya ko kaɗan. In an ce biri ya yi kama da mutum, shi ya fi dukan birai cancantar wannan magana.

A Nijeriya yana zaune a dajin Gashaka-Gumti, wanda ke tsakanin jihar Taraba da Adamawa, da gwamnati ta mayar gandun ƙasa a 1991, da kurmin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila, da kurmin Kuros Riba har ya zarce Kamaru. Iri huɗu ne a Afirka, namu na Nijeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci. Masana sun ƙiyasta abin da ya rage a daji tsakanin 3,500 da 9,000 ne kacal, watau ba su kai yawan mutanen unguwa guda ta Zariya ba.

Ga yadda a ke yi ya zama maraya. Uwar ta kan yi ciki na wajen wata 8, ba ta kuwa sake haihuwa sai bayan shekara 5 ko 6. Ɗan yana manne da ƙirjinta tun yana jinjiri, sa'an nan ya koma bayanta kamar goyo, yana shan nono har ya kai shekara 4 ko 5. Ba mai iya ɓamɓare shi daga jikinta tana da rai. Saboda haka maharbi uwar ya ke harbi, in 'yan'uwanta sun taso kare ta ya haɗa da su. A sayar da naman, a sa ɗan a kwando a kai birni. Ɗan kuka ke nan mai jawo wa uwarsa jifa. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2013 ya ce kusan manyan birai 3,000 a ke rasawa daga daji ko wace shekara ta wannan fatauci, mafi yawansu biri mai ganga ne.

Kada wani ya ce wannan zancen mutanen kudu ne. A watan Janairu na 2005 an cusa jarirai 6 a akwati, aka tashe su a jirgin sama daga Kano zuwa Alƙahira. Can aka ƙi karɓarsu, aka juyo da su, sai a Nairobi hukuma ta kama akwatin. Ɗaya ya mutu, 5 da suka rage aka kai su gidan marayun birai na Sweetwaters a Kenya. Alhali tun 1985 akwai doka a Nijeriya da ta hana kamun wannan dabba da cinikinta.

Wanda ya saya kuwa, da fari daɗi ya ke ji. A sa masa wando, a ba shi shayi, baƙi su zo su yi kallo. Da ya kai shekara 6 ko 7 sai ya fi ƙarfin mai gida, ya fara cizo da fasa kaya, sai a ɗaure shi a gindin bishiya ko a kulle a keji, ga shi kuwa dabba ce mai iya kai shekara 50 a hannun mutane. Zancen ƙarfin nan ba wasa ba ne. A 2006 guda 31 suka ɓalle daga gidan Tacugama a Saliyo, har suka kashe wani direba. Mayar da shi daji kuma ba abu ne mai sauƙi ba, don bai koyi abin da a ke ci da wanda ba a ci ba, ya saba da mutum har ya kan nufi maharbi da kansa, na dajin kuma su kan kashe baƙon da ya shigo ƙasarsu.

Don irin waɗannan aka yi gidan da malaminmu ya ji labari. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka zo Nijeriya a 1988, suka kafa ƙungiya mai suna Pandrillus, a 1991 suka buɗe gida a Kalaba domin wani biri mai baƙar fuska da a ke kira diril. Da hukuma ta riƙa ƙwato 'ya'yan biri mai ganga ba ta da inda za ta kai su, sai suka karɓa, har suka tara fiye da 20. Daga baya suka buɗe babban wuri a gindin dutsen Afi, a ƙasar Boki, inda aka kewaye wani yanki na kurmi da waya mai lantarki, aka sake su a ciki. Akwai irinsa a Limbe ta Kamaru tun 1993, da tsibirin Ngamba a Uganda tun 1998.

Sabon zuwa ba a haɗa shi da sauran nan da nan. A kan keɓe shi wajen wata 3, likita ya auna shi saboda tarin fuka da tsutsar ciki, don cutar mutum tana kama shi, mura ma da mu ke rainawa ta kan kashe shi. In jinjiri ne, sai a ba shi mai reno, ya rungume shi dare da rana, ya ba shi madara a kwalba, ya kwana da shi a ƙirji. Ku yi tunani, ƙato da gemunsa yana yawo da ɗan biri a wuya, aikinsa ke nan da a ke biyansa albashi a kai. Dalili kuwa, jinjirin da ya ga an kashe uwarsa ya kan ƙi abinci ya mutu don baƙin ciki, ko da an cika masa kwano.

Manyan kuwa, tun da asuba su ke tashi da kururuwa. Masu kiwo su duba waya ko reshe ya faɗo a kanta, su ƙirga su, su lura da wanda ya ƙi ci ko ya kwana da rauni, sa'an nan a kawo ayaba da gwanda da dankali da rake da ganye. A tsibirin Ngamba sau 4 a ke ba su abinci a yini, da yamma su dawo daga kurmi a ba ko wane kunu a kwanonsa, ya hau ragar lilo ya kwanta. A daji ko wane dare biri mai ganga ya kan tanƙwara rassa ya yi sabuwar shimfiɗa a kan itace, ba ya yarda da ta jiya. Saboda haka inda babu itace a kan zuba musu ciyawa da ganye, ko wane ya gyara tasa. Haihuwa kuwa a kan tsayar da ita da magani a yawancin gidajen nan, don wurin ba ya isar marayun da a ke kawowa ma.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe ƙoshi ba ya isar wannan dabba. A daji kusan rabin yininsa neman abinci ya ke yi, neman kuwa da dabara ne. A 1960 wata Baturiyar Ingila, Jane Goodall, wadda ta rasu a 2025, ta ga wani ya fige tsinke ya zura a ramin gara yana lasa, a dajin Gombe. Gombe ta Tanzaniya fa, ba tamu ta su Buba Yero ba. Na Gashaka ma masu bincike sun same su suna gyara sanduna su haƙo zuma, su kuma tsoma tsinke su kwaso kwarkwasa ba tare da ta cije su ba. To, mai irin wannan kai, ka ajiye shi a ɗakin siminti, ka jefa masa ayaba goma ya cinye kafin ka juya, me zai yi da sauran yinin? Na taɓa ganin wani a wani gidan zu a nan Arewa, shi kaɗai, yana zaune yana kaɗa jiki gaba da baya, ya tsige gashin hannuwansa tas. Samari na miƙa masa guntun taba, yana zuƙa, a na dariya. Masu kallo suna cewa ya iya wasa. Likitocin dabbobi kuwa sun san wannan kaɗa jiki da tsigar gashi alamar taɓuwar hankali ce, irin ta wanda ya daɗe a kurkuku ba abokin magana.

Maganin da masu gidajen marayu suka samo shi ne su mayar masa da wahalar nema. Ba a tara abinci wuri guda, sai a watsa gyaɗa da masara cikin ciyawa, ya yini yana tsinta. A gina suri na ƙarya da siminti, a huda ramuka, a zuba zuma ko tunkuza a ciki, wanda ya ke so sai ya je ya karyo tsinke ya gyara. A cusa 'ya'yan itace a gorar daji a toshe bakin da ganye. A ɗaure abinci a tsohon buhu a rataye a reshe mai nisa. A saƙa musu lilo da tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana, don ita ce ba su iya tsinkawa. Kuma dole a riƙa sauyawa, domin abin da ya ba shi wuya yau, jibi ya gane kansa ya yar. Wani ma ba ya wahalar da kansa, sai ya zauna ya jira ƙaramin ya fito da zumar, ya ƙwace. Wannan hali dai mun san shi a ofisoshi.

Duk da haka babu abin da ya kai ɗan'uwa. Su kan zauna biyu biyu suna duba gashin juna, kamar mata suna tsifa a tsakar gida, a nan a ke ƙulla abota a kuma yi sulhu bayan faɗa. Shi ya sa aiki mafi wuya shi ne shigar da baƙo cikin garke. A kan fara ajiye shi kusa, raga na tsakani, su shinshini juna na kwanaki ko watanni. Sa'an nan a haɗa shi da mai sanyin hali guda, sau da yawa tsohuwar mace, in ta rungume shi ta ɗauke shi a baya, to, ya sami uwa. Wanda ya shekara 10 a ɗaure kuwa, wani lokaci tsoron 'yan'uwansa ya ke ji, bai san ma shi biri ba ne, sai an yi ta haƙuri.

Saura zancen almubazzaranci. Kuɗin gidajen nan yawanci gudummawa ce ta masu son dabbobi da kuɗin baƙi masu ziyara, kuma a Afi wajen manoman ƙauyukan Boki a ke sayen abincin, 'ya'yansu ne ma'aikatan. Ban ce wannan ya share yunwar kowa ba. Amma ni a ganina bashi ne a ke biya, don birin bai kawo kansa ba, mutum ne ya harbe uwarsa. Malamanmu sun fi ni sanin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗebe wa 'ya'ya a wata tafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurta a mayar mata. Ina so malamanmu su duba mana hukuncin wanda ya sayi abin da ya san ba a samunsa sai an kashe uwarsa.

Roƙona biyu ne. Akawunan kwastan da na gandun daji, da duk wanda ya ga a na tallar ɗan biri mai ganga, kada ya saya ko da don tausayi, gama kuɗin ne ke mayar da maharbi daji. Ya kai magana ofishin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin ƙwacewa. Malaman makaranta kuma masu kai yara gidan zu, ku hana su jifa da miƙa taba da alewa, ku kuma tambayi mai kula da wurin ko a na zuba wa dabbar ciyawar shimfiɗa, ko a na ɓoye mata abinci ta nema. Damin harawa da kwalbar zuma da guntun gora duk a na samunsu a kasuwar Tudun Wada, kuɗinsu kuwa bai kai na motar da ta kai yaran ba.