Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Ni kam ban yarda da hawayen manyan kamfanonin waƙa ba, masu kukan wai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira za ta kashe mawaƙi. A 2024 Universal da Sony da Warner suka maka Suno da Udio a kotu a Amurka, wai sun ɗura wa na'urorinsu waƙoƙi ba izini. Har na ce madalla. Ashe ciniki ake nema! A 2025 Universal ta shirya da Udio, Warner ta shirya da Suno. Mai faifai ne ya sa hannu, domin shi doka ta sani.

Dubi Taylor Swift. Sai a 2025 ta iya sayen asalin faifanta shida na farko, bayan rangadin da ya tara fiye da dala biliyan 2. Dandali ne ya fanshe ta. To, mawaƙin da ba ya cika filin ƙwallo fa?

Mu ma kada mu saki baki. Ranar da aka sa na'ura ta rera da muryar Shata, wurin wa za a nemi izini, iyalinsa ko wanda ya ajiye kaset?