Toshe ƙofa ta 25: Wa ya rage da ikon aika wasiƙar imel?

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Google ya fara aiki da sabbin sharuɗɗa, waɗanda suka tilasta wa duk mai aika wasiƙu kimanin 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail ya tabbatar da asalinsa kafin a karɓi saƙonsa. Kamfanin Yahoo ma ya ɗauki irin wannan mataki a lokaci guda.

Sai dai tun shekaru ashirin kafin nan aka fara taƙaita wa jama'a hanyar aika wasiƙa, lokacin da kamfanonin samar da intanet suka soma rufe wata ƙofa da yawancin masu amfani da kwamfuta ba su ma san da ita ba.

Kowace kwamfutar da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba sama da 65,000, kuma kowane irin aiki da ƙofar da yake bi. Shafukan intanet na bi ta ƙofa ta 80 ko ta 443. Wasiƙun imel kuwa ta ƙofa ta 25 suke wucewa daga wata kwamfutar raba wasiƙu zuwa wata, bisa ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya wallafa a Amurka a 1982.

A wancan zamani jami'o'i da cibiyoyin bincike ne akasari ke kan hanyar, kusan kowa ya san kowa. Saboda haka ƙa'idar ba ta bukaci mai aika wasiƙa ya nuna shaidar ko shi wane ne ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai a buɗe masa.

Kwamfutocin da aka sace

Wannan yarda ce masu aika wasiƙun banza suka ci moriyarta. A 2003 cutar kwamfuta mai suna Sobig ta bazu a duniya, Mydoom ta biyo baya a Janairun 2004. Cututtuka irin waɗannan kan mayar da kwamfutar gida baiwar wani, ta riƙa fitar da dubban tallace-tallacen magunguna da na damfara ta ƙofa ta 25, mai ita bai sani ba.

Shugaba George Bush ya sa hannu kan dokar yaƙi da wasiƙun banza a Disambar 2003. Wata guda bayan haka Bill Gates ya shaida wa taron tattalin arziki na Davos cewa cikin shekaru biyu za a shawo kan matsalar. Hakan bai faru ba.

Daga nan kamfanonin intanet suka koma ga abin da ke hannunsu. A 2004 kamfanin Comcast na Amurka ya fara toshe ƙofar ga abokan cinikin da aka ga kwamfutocinsu na zubar da wasiƙu fiye da kima. A Mayun 2005 hukumar kula da ciniki ta Amurka, tare da takwarorinta na wasu ƙasashe, ta yi kira ga dubban kamfanonin intanet su yi hakan. Kamfanonin Japan sun rungumi tsarin kusan baki ɗaya a tsakanin 2005 da 2006. Sannu a hankali toshewar ta tashi daga kan masu laifi ta koma kan kowa, wake ɗaya ya ɓata gari.

Mai amfani da Outlook ko makamancinsa shi ya fara ji a jikinsa. Wasiƙu na shigo masa, amma nasa sun ƙi fita. Kwamfutar da ke aiki lafiya a ofis sai ta ƙi da zarar an kai ta gida ko otal. Maganin bai da wuya ga wanda ya sani: a sauya lambar zuwa 587, ƙofar da aka ware tun 1998 domin miƙa wasiƙa, wadda ke neman suna da kalmar sirri. A 2018 aka amince da ta 465 ma a hukumance. Mai buɗe Gmail ko Yahoo a shafin intanet kuwa bai ma san an yi wani abu ba.

Riba da hasara

Babu musun cewa toshewar ta rage ɓarnar kwamfutocin gida. Amma raguwa mafi girma ta zo ne ta wata hanyar daban: lokacin da aka yanke wa kamfanin McColo na California intanet a Nuwambar 2008, da kuma lokacin da Microsoft da hukumomin Amurka suka rusa gungun kwamfutocin Rustock a Maris na 2011. Masu aika wasiƙun banza kuma suka koma satar kalmomin sirri, suna shiga ta sabuwar ƙofar da sunan masu gaskiya.

'Yan damfarar 419, waɗanda suka ɓata wa Nijeriya suna a wancan lokaci, matakin bai shafe su sosai ba, domin akwatunan kyauta na Yahoo da Hotmail da dama daga cikinsu ke buɗewa a shagunan intanet.

Wanda ya ɗauki nauyin shi ne ƙaramin kamfani, ko makaranta, ko ƙungiyar da ke son riƙe gidan wayarta da kanta, don kada asirin wasiƙunta ya zauna a hannun wani. Ita wannan ba ta da mafita ta sauya lamba, domin har yau ta ƙofa ta 25 kwamfutocin raba wasiƙu ke magana da juna. Dole ta nemi wani ɗan tsakani, sau da yawa da kuɗi, ya isar mata da saƙo. Ko ta samu ƙofar a buɗe, manyan kamfanoni na iya ƙin karɓar wasiƙar idan adireshinta na cikin jerin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus ke ajiyewa na layukan gida.

Masu goyon bayan tsarin na cewa mutum ɗaya cikin dubbai ke bukatar wannan ƙofa, don haka bai kamata a bar ta a buɗe saboda shi ba. Hujjar na da ƙarfi. Amma a yawancin ƙasashe ba majalisa ce ta yanke wannan hukunci ba, sharaɗi ne da kamfani ya sa cikin yarjejeniyar da abokin ciniki ba ya karantawa.

Hayar kwamfuta a wurin manyan kamfanoni ma ba ta raba gardamar ba. Google na rufe ƙofar ga masu haya a wurinsa, Microsoft ya taƙaita ta tun Nuwambar 2017. A wurin Amazon kuwa sai mai haya ya cike takardar roƙo, ya bayyana irin wasiƙun da zai aika da yadda zai hana a yi ɓarna da su, sannan kamfanin ya duba ko zai buɗe masa.