Gyaran waya ba shi ne iyakar ɗan zango ba

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, aka wayi gari intanet ya ɗauke a Gana. Manyan igiyoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu lahani a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce gyaransu zai ci aƙalla mako biyar. Kowa ya ga abin da ya biyo baya a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Aboabo. Ciniki ya yi sanyi, mai jiran saƙon ɗansa daga Jamus ya zauna riƙe da waya kamar mai riƙe da dutse. Mu kuwa abin da muka iya faɗa bai wuce "netwok ya tafi" ba, sai ka ce wani baƙo ne da ya yi fushi ya ɗauki jakarsa.

A waɗannan kwanaki akwai mutanen da ba su runtsa ba. Su ne suka yi ta karkatar da zirga-zirgar bayanai zuwa igiyoyin da suka tsira, suna auna wace hanya za ta iya ɗaukar wane kaya, har abubuwa suka fara daidaita tun kafin jirgin gyara ya gama aikinsa. Tambayata ga jama'ar zango ita ce, a cikin 'ya'yanmu nawa muka tarbiyyantar domin su zauna a irin wannan ɗaki? Kowa ya duba unguwarsu ya ba kansa amsa.

Ba na raina mai gyaran waya. Sana'a ce ta halal, ta aurar da samari, ta biya kuɗin makaranta. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda muka mayar da ita rufin ɗaki. Yaro ya nuna kaifin basira a kan na'ura, sai a ce a kai shi Circle ya koyi sauya gilashi da batir, shi ke nan an gama masa gata. Wanda ya ɗan matsa gaba ya koyi jan kebul da kafa kyamarar tsaro. Duk aikin hannu ne da ake biya sau ɗaya, kuma kullum masu yin sa ƙaruwa suke yi, farashinsa yana faɗuwa.

Sama da wannan akwai ilimi biyu da suke tafiya tare. Na farko shi ne sarrafa na'urorin sadarwa da rubutaccen umarni. Kamfanin da ke da rauta da suwic ɗari biyar ba zai aika mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buga saiti da hannu ba, domin kafin ya kai ta hamsin gajiya ta sa ya yi kuskure. Sai a rubuta yadda ake son kowace na'ura ta kasance, a ajiye rubutun a Git inda duk canji yake da suna da rana, wani ya duba ya amince, a gwada a kan na'ura biyu ko uku, sannan manhaja irin su Ansible ko wani gajeren shiri na Python ya isar da shi ga sauran. Idan abu ya ɓaci, a koma rubutun jiya.

Na biyu shi ne injiniyancin ɗorewa, wanda kamfanin Google ya raɗa wa suna bayan Ben Treynor ya karɓi ragamar wata ƙaramar tawaga a 2003. Tushensa lissafi ne mai sauƙi da ɗan kasuwa zai gane nan take. Babu na'urar da ba ta tsayawa, saboda haka a yanke tun farko tsayawa nawa za a lamunta. Idan ka yi wa abokin ciniki alkawarin aiki kashi 99 cikin ɗari, ka yarda ke nan da ɗaukewar fiye da kwana uku da rabi a shekara. Idan ka ce 99.9, abin da ya rage maka kusan minti 43 ne a wata. Wannan minti 43 shi ne jarinka. Muddin da saura, kana iya gwada sabon abu. Ya ƙare, ka dakatar da duk wani canji ka koma gyara tushe.

Yanzu bari in zo inda za mu ɓata da wasu. Babban abin da ya tsaya tsakaninmu da wannan ilimi ba talauci ba ne, wata ɗabi'a ce da muke yi wa kirari: ɓoye sani. Ogan sana'a yana riƙe da asirin aikinsa a ka, yana tsakura wa yaransa kaɗan-kaɗan don kada su fi shi, har ya mutu da rabi. Na taɓa ganin wata makaranta da aka haɗa mata intanet da kuɗin gudummawar iyaye. Wanda ya haɗa bai rubuta komai ba, lambobin sirri duk suna kansa. Da suka saɓa a kan kuɗi ya yi tafiyarsa, aka share watanni na'urori na kunne ba mai iya taɓa su, daga ƙarshe sai da aka goge komai aka fara daga farko. Mutane suka ce ai gwani ne, tunda ba wanda ya iya kwance ƙullinsa. A wajen masu wannan fanni kuwa, tsarin da zai durƙushe don mutum ɗaya ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, gurɓataccen aiki ne komai kyansa. Gwani a can shi ne wanda ya rubuta aikinsa dalla-dalla har sabon yaro zai iya bi da ƙarfe ukun dare.

Ɗabi'a ta biyu 'yar'uwar ta farko ce: neman wanda za a ɗora wa laifi. Abu ya lalace, tambayar farko "wa ya taɓa?" A zagi yaro, a cire masa a albashi. Gobe idan ya sake kuskure zai ɓoye, kuskuren ya yi ta ruɓa a ciki. Su injiniyoyin ɗorewa bayan kowace tangarɗa zama suke yi su rubuta abin da ya faru minti bayan minti ba tare da tuhumar kowa ba, suna tambaya ɗaya: me ya sa tsarinmu ya bar hannun mutum guda ya yi wannan ɓarna?

Na san abin da za a ce. Za a ce ai na'urar da ke aiki da kanta ita ma tana jawo bala'i. Gaskiya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 umarni guda da aka bayar lokacin wani aikin kula da na'urori ya yanke hanyoyin cikin gida na Facebook, manhajar da aka ɗora wa alhakin tare irin wannan umarni ita ma tana da aibi ba ta tare ba, sai Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida. Amma aikin hannu ma bai tsira ba. A Nuwamba 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Sin da Rasha fiye da awa ɗaya. Injin yana gaggauta daidai, yana gaggauta kuskure, shi ya sa ake biyan mai hankalin da zai sa masa linzami. Masu cewa injin zai cinye aiki su lura da aikin wa yake ci: na mai maimaita abu ɗaya da hannu, wato daidai inda muka jibge yaranmu.

Za a kuma ce wannan ilimin Turawa ne, ba gadonmu ba. Wannan magana ce ke ba ni haushi fiye da kowace. Me ya kawo kakanninmu Gwanja? Fataucin goro ne, tafiyar watanni daga Kano zuwa Salaga, ayari da madugu da jagaba mai duba hanya a gaba da malami mai riƙe lissafi. Madugun da ya san hanya ɗaya tak bai cancanci sunan ba. Sai ya san inda za a ratse idan kogi ya cika ko yaƙi ya tare gaba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatauci bai mutu ba, ya koma Kete Krachi da wasu garuruwa, zangogi suka ƙara yaɗuwa. Jikokin masu wannan aiki ne yau ake gaya wa sanin hanyoyi ya fi ƙarfinsu. Kuma ba sai an je Amurka neman abin koyi ba: Farfesa Nii Quaynor, ɗan ƙasar nan, yana cikin waɗanda suka haɗa Gana da intanet a tsakiyar shekarun 1990, kuma ƙungiyar AfNOG da ya taimaka aka kafa tana horar da injiniyoyin Afirka tun 2000.

Akwai cikas na gaske, ba zan ɓoye ba. Wuta tana ɗaukewa, data tana da tsada, kuma littattafan da Ingilishi suke, wanda bai ƙware a karatunsa ba zai sha wuya. Amma kayan koyon kansu ba a sayar da su. Linux kyauta ne, haka Python da Git da Ansible. GNS3 yana ba yaro damar gina hanyar sadarwa ta rauta da dama a cikin kwamfuta ɗaya, ya rushe ta, ya sake ginawa, ba wanda ya yi asara. Littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 yana nan a intanet, kowa na iya karantawa. Sai dai a fara daga tushe, a san yadda adireshi yake aiki da yadda saƙo ke zaɓar hanya, domin mai sarrafa abin da bai fahimta ba ɓarna kawai zai yawaita. Ina kuma gargaɗin samarinmu game da haddace amsoshin jarrabawa don samun takardar shaida. Takarda za ta kai ka ɗakin ganawa, amma a can za a ajiye maka hanyar da ta lalace a ce gyara.

Ga sarakunan zango da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa, roƙona ƙarami ne. Kuɗin rumfa da kujeru da kiɗa na biki ɗaya zai sayi tsofaffin kwamfutoci da batirin ajiyar wuta. A ware ɗaki ɗaya a makarantar Islamiyya bayan an tashi, a buɗe shi ga maza da mata, domin wannan aiki ba ya bukatar hawa turken waya. Majalisa ta amince da dokar Asusun Raya Zango tun 2017. A je a ƙwanƙwasa ƙofarsa da rubutaccen tsari maimakon jiran lokacin zaɓe. Sharaɗi ɗaya kawai za a gindaya wa duk wanda aka ɗauka ya koyar a ɗakin: duk saitin da ya yi da duk lambar sirri a rubuta su, kwafi ɗaya yana hannun kwamiti tun ranar farko.