Sawunmu Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

A watan Yuni na 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Timothy Carpenter, wanda aka kama da laifin fashi a shagunan sayar da waya a yankin Detroit. Masu bincike sun karɓi bayanan zirga-zirgarsa na kwana 127 daga kamfanonin sadarwa, wurare kusan 13,000 da wayarsa ta nuna ya taka, ba tare da takardar izinin bincike daga alƙali ba. Alƙalai biyar cikin tara suka ce wannan ya saɓa wa gyara na huɗu na kundin tsarin mulki. Duk hukumar da ke son tarihin inda mutum ya je da inda ya kwana, sai ta fara gamsar da alƙali cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa.

Hukumomi da dama sun karanta hukuncin, suka fahimce shi sarai, sannan suka zagaya ta bayan gida. Tun da an hana su tilasta wa kamfanin sadarwa ya miƙa bayanan, sai suka nufi kasuwa suka saye su daga dillalai. An ƙi cin biri, an ci dila. Matsayinmu a kan wannan ɗaya ne: abin da doka ta hana hukuma ta karɓa sai da izinin alƙali, kuɗi ba ya halatta shi. Rasit ɗin ciniki ba ya zama hukuncin kotu, ko da nawa aka biya.

Ya kamata mu fahimci yadda hajar take isa kasuwa, domin mu ne muke samar da ita. Kowace wayar zamani tana ɗauke da wata doguwar lamba da aka tanada domin masu talla. Manhajar hasashen yanayi, ko ta wasa, ko ta taswira, takan nemi izinin sanin inda kake, ka danna amincewa ka wuce. A cikin manhajoji da yawa akwai wani ɗan ƙullin umarni na wani kamfani daban, wanda aikinsa shi ne aika wa uwar gijiyarsa lambar wayar da wurin da take da kuma lokaci. Haka kuma duk sanda talla zai bayyana a fuskar waya, ana yin gwanjonsa cikin ƙiftawar ido, bayanan wayar kuma su isa ga masu tayi da yawa, har da waɗanda ba su yi nasara ba. Dillalai su tattara, su tace, su sayar wa wasu dillalan, har kaya su isa hannun mai kaki.

A 2022 gidauniyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet, tare da kamfanin dillancin labarai na AP, suka bankaɗo wani kamfani a jihar Virginia mai suna Fog Data Science, wanda wasu tsofaffin manyan jami'an ma'aikatar tsaron cikin gida suka kafa. Kamfanin yana taƙamar cewa yana da bayanan na'urori miliyan 250 a Amurka. Yana sayar wa ƙananan ofisoshin 'yan sanda damar shiga rumbunsa, a wasu wuraren a kan dala 7,500 kacal a shekara, kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. Ɗan sanda zai zana da'ira a kan taswira, ya zaɓi rana da sa'a, sai duk wayoyin da suka shiga wurin su fito. Daga nan ya ɗauki guda ya bi ta baya wata da watanni: inda take kwana, inda take wuni, gidan da take yawan zuwa. Manyan hukumomi ma ba a bar su a baya ba. A farkon 2020 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa hukumomin shige da fice da na kan iyaka suna sayen irin wannan bayani daga kamfanin Venntel. A 2023 shugaban FBI na lokacin, Christopher Wray, ya amsa a gaban Majalisar Dattawa cewa hukumarsa ta taɓa saye. A shekarar nan ce kuma babban mai binciken ma'aikatar tsaron cikin gida ya gano cewa hukumomi uku na ma'aikatar sun yi amfani da bayanan ba tare da cika sharuɗɗan kare sirri da doka ta gindaya ba.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjoji uku, kuma kowace ta cancanci amsa.

Ta farko, suna cewa babu suna a cikin bayanan, lamba ce kawai. Wannan magana ce ta raina hankali. Wayar da take kwana a ɗaki ɗaya kowane dare, ta wuni a sashe ɗaya na jami'a, ta halarci masallaci ɗaya kowace Juma'a, ta riga ta faɗi sunan mai ita. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi ya nuna cewa wurare huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2019 jaridar New York Times ta sami wani kundi na wayoyi miliyan 12, 'yan jaridarta kuma suka gano mutane da sunayensu, har da jami'in da ke cikin masu tsaron shugaban ƙasa. A 2021 wani babban limamin Katolika a Amurka ya ajiye muƙaminsa bayan wata kafar labarai ta yi amfani da irin wannan bayani na kasuwa ta tona masa asiri. In 'yan jarida sun iya, ɗan sanda mai rumbun rajistar motoci da adireshin gidaje ya fi su iyawa.

Ta biyu, suna cewa ai mu muka amince. Wace irin amincewa ce wannan? Wanda ya bai wa manhaja izinin sanin inda yake domin ta nuna masa alƙibla, ya amince ne da alƙibla. Bai san sunan dillalin ba, bai san wanda dillalin zai sayar wa ba, kuma ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda 'yan sanda su riƙe tarihin ƙafarsa ba. A kowace kasuwa ta duniya, wanda aka ba ajiya ya sayar da ita ya ci amana, wanda ya saya yana sane kuma ya zama abokin tarayya.

Misalin alƙibla da muka kawo ya faru da gaske. A watan Nuwamba na 2020 sashen Motherboard na kafar Vice ya ba da rahoton cewa manhajar Muslim Pro, wadda aka sauke kusan sau miliyan 98, tana aika bayanan wuri ga kamfanin X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja komai, amma sun yanke hulɗa da dillalin nan take. Da yawa daga cikinmu da wannan manhaja muke sanin lokacin Asuba a garuruwan da ba a jin kiran salla. Wanda kuma ya san tarihin nan kusa ba zai ɗauki lamarin da wasa ba. A 2011 da 2012 AP ta fallasa yadda rundunar 'yan sandan New York ta yi shekaru tana leƙen asirin masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, har a jami'o'in da ke wajen birnin. Wani babban jami'inta ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa sashen da ya yi aikin bai samar da ko zare ɗaya da ya kai ga binciken ta'addanci ba, aka kuma rushe sashen a 2014. A wancan lokaci sai an ɗauki ɗan leƙen asiri, an biya shi, an tura shi ya zauna a sahu, kuma ana iya gane shi. Yau da'ira ɗaya a kan taswira ta wadatar, babu wanda zai ga an zana ta.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: cewa da wannan bayani ana kama masu kisa, ana gano waɗanda suka ɓata. Mun yarda hakan na iya faruwa. Mu da muka fito daga ƙasar da ake sace mutane a kan hanya da gona da makaranta ba ma buƙatar a koya mana darajar gano inda mugu yake. Amma ɗan sandan da ke da dalilin zargin wani yana da ƙofa a buɗe, wato alƙali, kuma hukuncin Carpenter da kansa ya bar sarari ga yanayin gaggawa, irin na ceton yaron da aka sace. Saboda haka abin da sayen bayanai yake ƙara wa hukuma shi ne ikon bin mutanen da ba ta da dalilin zarginsu, ba tare da wani ya tambaye ta ba. Takardar alƙali tana barin sawu: akwai wanda ya nema, akwai wanda ya sa hannu, lauyan wanda ake tuhuma yana iya ƙalubalantarta. Ciniki kuwa yakan ɓuya a cikin kasafin kuɗi, kuma binciken AP ya nuna da wuya sunan manhajar Fog ya bayyana a takardun kotu. Wanda aka bi sawunsa ba zai sani ba, balle ya kai ƙara.

Akwai kuma 'yan'uwa a cikinmu masu cewa mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Muna tuna musu cewa Bahaushe ya gina zaure ne domin baƙo ya tsaya ya yi sallama, kuma babu wanda ya taɓa cewa mai zaure ɓarawo ne. Addu'ar da iyayenmu suka fi yawaita mana ita ce ta rufin asiri. Mai zuwa asibitin masu taɓin hankali, da matar da ta je wurin lauya a kan aurenta, da ɗalibin da ya halarci zanga-zanga alhali takardar zamansa tana hannun hukuma, babu mai laifi a cikinsu, kuma kowannensu yana da abin da zai rasa.

Gyaran da aka yi zuwa yanzu rabi ne. A watan Janairu na 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu haɗari ga sirri, irin su asibitoci da wuraren ibada. A ƙarshen shekarar ta ɗauki irin wannan mataki a kan Venntel da uwar kamfaninsa Gravy Analytics, sai dai ta bar kafa ga harkokin tsaron ƙasa da na 'yan sanda. Makonni kaɗan bayan haka masu kutse suka fasa rumbun Gravy ɗin suka kwashi bayanai, abin da ya tabbatar da cewa duk abin da aka tara, wata rana zai zube. Ƙudirin dokar da zai haramta wa hukumomi sayen abin da sai da izinin kotu suke samu ya tsallake Majalisar Wakilai a watan Afrilu na 2024 da ƙuri'a 219 a kan 199, sannan ya maƙale a Majalisar Dattawa.

Me ya kawo wannan magana cikin mujallar da ta saba da siyasar gida? Dalilin shi ne, in haka ta faru a ƙasar da kotunanta ke iya taka wa 'yan sanda birki, sai mu auna abin da zai faru a inda birkin ya fi rauni. A Najeriya an riga an share fili. Tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato tsakanin waya da sunan mai ita babu sauran labule. A farkon shekarar kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ba da rahoton yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya suka kama abokan wasu 'yan jarida domin su yi tarkon kama su. A watan Disambar nan ne kuma cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun na'urorin kamfanin Circles masu gano inda waya take. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 4.8 domin hukumar leƙen asiri ta sa ido a kan WhatsApp da kiran waya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa ana sayar da bayanan shaidar 'yan ƙasa a intanet a kan naira 100, ko da yake hukumar da ke riƙe da rumbun ta musanta cewa an fasa shi. Duk da wannan tarin iko, masu garkuwa suna kiran iyalai ta waya suna cinikin fansa mako da makonni. Jama'a suna da haƙƙin tambaya: a kan wa ake kunna na'urorin?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. Dokar kare bayanai ta 2023 ci gaba ce, amma ta sassauta wa hukumomin tsaro da masu binciken laifi sharuɗɗa da yawa, kuma ta irin wannan kafa ce ɓarnar Amurka ta shigo. Don haka muna kira ga 'yan majalisarmu da su rubuta ƙarara cewa babu hukumar da za ta mallaki tarihin zirga-zirgar ɗan ƙasa, ta hanyar umarni ko saye ko kyauta, sai da izinin alƙali a kan mutum takamaimai da wa'adi takamaimai. A wajabta wa kowace hukuma bayyana kwangilolin da ta ƙulla na irin wannan da adadin mutanen da ta bi a shekara. A kuma ba kotu ikon watsi da duk shaidar da aka samo ta bayan fage.

Mu kuma da ke nan akwai abin da ke hannunmu tun yau. Kowa ya shiga saitin wayarsa ya goge lambar talla ko ya hana manhajoji bibiyarsa, ya janye izinin wuri daga duk manhajar da ba ta buƙatarsa, ya kuma koya wa iyaye da ƙanne idan ya kira gida. Wannan rigakafi ne, ba zai maye gurbin doka ba. Cikinmu akwai masu karatun shari'a, da masu kimiyyar kwamfuta, da waɗanda gobe za su zauna a kujerun da ake sa hannu a kan irin waɗannan kwangiloli. Ranar da ɗan kasuwa ya shigo ofis da taswira mai walƙiya yana tallar sawun talakawa a farashi mai sauƙi, muna fata wanda ke bayan teburin ya tambaye shi ina takardar alƙali, kafin ya tambaye shi nawa ne.