Ba Duk Kwalbar Da Aka Rubuta Wa "Sunna" Ce Magani Ba

Duk wanda ya ratsa Yalwawa ko ya ci kasuwar Shuwarin ya san motocin nan masu lasifika, waɗanda ke tallar kwalba ɗaya a kan ita ce maganin basir da shawara da hawan jini da ciwon sukari gaba ɗaya. Abin da ya fi damun mu shi ne yanzu an sa wa wannan ciniki rawani. Sai a zuba ɗan habbatus sauda da zuma, a rubuta "maganin Musulunci", wanda ya nemi hujja kuma a ce imaninsa da rauni.

Lalle ba mu musun falalar zuma da habbatus sauda da ƙaho, domin sun tabbata a ingantattun hadisai. Ba mu kuma raina itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu, daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma fa sai da aka gwada shi, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. To, shi mai motar nan, wa ya auna nasa? Wa ya san abin da ya haɗa a ciki?

Wasu kan ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Ku sani, lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ba. Ba shaidar yana warkar da cutar da aka lissafa ba ce.

Ɓarnar ta fi muni ga masu ciwon da ake daɗewa ana jinya. Mai ciwon sukari ya ajiye ƙwayoyinsa ya dinga shan zuma safe da yamma, alhali zuma ita ma sukari ce. Mai hawan jini ya daina shan magani don kansa ya bar ciwo, bai san cutar tana cin ƙoda da zuciya a ɓoye ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, wal'iyazu billahi, sannan a kwashe shi zuwa asibitin Rasheed Shekoni ana cewa jifa ne. Mai tarin fuka kuwa, wanda ake ba magani kyauta na wata 6, in ya yanke a tsakiya, ƙwayar cutar na iya daina jin magani, ga iyalinsa yana shafa musu.

Jiki amana ne, kuma an umurce mu da tambayar masana a kan abin da ba mu sani ba. Yadda ba ma karɓar fatawa daga jahili, haka bai kamata mu karɓi hukuncin cuta daga wanda bai taɓa auna jini ba. A fara zuwa gwaji a san sunan cutar. Wanda ke son haɗawa da zuma ko wani sassaƙe, ya tafi da kwalbar ya nuna wa likita, kada kuma ya ajiye maganin da aka rubuta masa sai da izininsa.