Ɓeran Likita Shi Ma Da Tasa Cutar

Kusan duk maganin da ake ba mu a asibiti, sai an gwada shi a jikin ɓeraye kafin ya iso ga ɗan Adam. Watau ɓera shi ne mai ba da shaida a gaban likita. To, yaya ke nan in mai shaidar ya zo da tasa cutar a ɓoye?

Abin ya taɓa faruwa. Wajen 1953 waɗansu likitoci a birnin Sendai na ƙasar Japan suna neman abin da ke sa wa jarirai ciwon huhu. Suka ɗebo abin gwaji daga huhun jariran, suka ɗura wa ɓeraye, suka sami wata ƙwayar cuta irin wadda ake kira bairos, suka ɗauka ta jariran ce. Ba a daɗe ba waɗansu masu bincike suka nuna ashe ƙwayar da ma tana cikin ɓerayen. Har yau sunanta Sendai, kuma ba ta tsaya ga ƙaramin ɓera ba, tana kama babban ɓera, da ɓeran Masar, da wani mai guntun wutsiya da ake kira hamsta.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce LCM, wadda Likita Charles Armstrong ya gano a Amurka cikin 1933. Cikin 1935 Erich Traub ya same ta a fararen ɓerayen gidan bincike na Rockefeller. Ɓeran da ya ɗauke ta tun yana ciki ba ya nuna ciwo, yana ta cin abincinsa, alhali kuwa muddin ransa yana zubar da ita a fitsari da miyau. In an ajiye hamsta ɗaki guda da shi, ko aka dasa masa tsiron da aka ciro daga dabba mai ita, sai ta haura. Daga hamsta kuwa sai mutum. Tsakanin 1973 da 1974 mutum 181 suka kamu a jihohi 12 na Amurka, duk ta hanyar hamstan da suka fito daga mai kiwo guda. Yawancinsu zazzaɓi ne da ciwon kai, amma takan kai ga sanƙarau, takan kuma ɓata ɗan da ke ciki.

Kada mu ce wannan maganar Turawa ce. LCM dangi ɗaya take da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno cikin 1969, shi ma ɓera ke ɗauke da shi, yana kuma tasowa kowane rani.

Manyan gidajen bincike sun koyi darasi. Kowane iri da ɗakinsa. Baƙon ɓera sai an tsare shi an auna jininsa. Akan ma ciro 'ya'ya daga cikin uwa da fiɗa, a ba wata uwa mai lafiya ta raina, don a yanke cutar daga tushe.

Lalle duk wannan kuɗi ne, mun sani. Amma a ganinmu, jami'ar da ke son a gaskata bincikenta, gara ta ajiye ɓeraye hamsin da aka auna da ɗari biyar da aka sayo a hannun mai kiwon da ba ya rubuta kome. Abin farko kuwa ba ya cin kuɗi da yawa: a toshe ramuka da ƙarƙashin ƙofa, domin ɓeran gida, wanda shi ne ainihin uban ɗakin LCM, ta nan yake shiga neman hatsin da aka ajiye wa na keji.